Ruwan Aro a Kwale-kwalen Malam Ummaru

Tun da kuka fara kwashe tsohon littafin sunaye kuna zuba shi a kwamfuta nake jin ƙananan maganganu. Wai aikin magatakardan ikilisiya ba wani aiki ba ne, a rubuta suna, a ja layi, a rufe littafi. Ran Lahadi ma har dariya kuka yi da kuka iso shafin da ake rubuta wurin da aka yi wa mutum baftisma. Kowa an rubuta masa "gulbin Shagari", sai mutum ɗaya, Inna Tani, aka rubuta mata "cikin kwale-kwalen Malam Ummaru". Kuka ce tsufa ne ya sa hannuna ya kauce, za ku gyara. To, lokacin da na rubuta wannan ko furfura ɗaya ba ni da ita, kuma ba kuskure ba ne. Ku ajiye wayoyin nan ku ji yadda aikin yake, in kun ga abin gyara daga baya sai ku gyara.

Ni tela ne. Daga ƙasar Zuru na zo Bodinga da keken ɗinkina a bayan motar gero, na kama rumfa a bakin kasuwa. Na tarar da 'yan Baftis ba su fi arba'in ba, kusan duk baƙi: malaman makaranta, 'yan sanda, ma'aikatan asibiti, da Yarbawa masu sayar da atamfa da kayan keke. Fasto ba mu da shi na kanmu. Daga Sakkwato wani yake zuwa sau ɗaya a wata uku, shi ke yin baftisma, shi ke raba jibin Ubangiji, wato gurasa da kofin da ake zagayawa da su don tunawa da mutuwar Yesu, ya hau mota ya koma. Sauran kwanakin mu ne da kanmu. A wurinmu kuwa ba wani babba a sama da zai aiko da umarni. Ikilisiya ce ke mulkin kanta, kome za a yanke sai an taru an ɗaga hannu, kuma ba mai ɗaga hannu ko cin jibi sai wanda sunansa ke cikin littafi. Kun ga ke nan mai riƙe da littafin ba ƙaramin abu ya riƙe ba.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Dikin Alabi, dattijon da ke kula da hidimar ikilisiya, Bayarabe mai sayar da atamfa, haifaffen Sakkwato, wanda in yana magana ba ka ganin fuskarsa sai ka rantse Basakkwace ne. Mutum ne ƙato, in ya zauna a benci sai ɗaya gefen ya ɗaga, kuma ba shi da wasa a kan doka. Ranar da aka zaɓe ni ya turo mini wani akwatin ƙarfe. A ciki akwai littafin sunaye, da rula, da fensir, da biro shuɗi da ja, da kundin dokokin ikilisiya, 'yan shafuka da aka buga da tafireta aka ɗinke da zaren buhu. Wata shida cur bai bar ni na taɓa biro ba, layi kawai nake ja da rula. Da na gaji na yi ƙorafi, sai ya ɗauki jan biron ya nuna mini.

"Dauda," in ji shi, "wanga ba shi gogewa. Mutum kau shina tuba. Wanda yay yi laihi anka sa shi horo, fensir za ka sa mishi gefen suna. Ja na wanda yam mutu na, ko wanda yat tashi da takardar sallama. Ran da ka jan wa mai rai ja don hushi, ka aje aikin."

Har na bar aikin ban taɓa karya wannan ba. Ku duba littafin da kyau za ku ga wuraren da takarda ta yi laushi saboda gogewa. Kowane ɗaya mutum ne da ya faɗi ya tashi.

Aikin farko da na yi ni kaɗai na hula ne. Zamanin siyasar farar hula ke nan, garin ya ɗauki zafi, kowa da jam'iyyarsa. Malam Yusufu, wani malamin firamare, ya shigo sujada da hular jam'iyyarsa a ka, wani mai kayan keke ya zo da tasa ta 'yan adawa, kafin a tashi sun daina gaisawa. Dokarmu hawa uku ce: ka je wurin mutum kai kaɗai, in ya ƙi ka koma da mutum biyu, in ya ƙi sannan a kawo shi gaban taro. Ku yanzu hawa na uku kuke fara takawa, a waya ma. Ni kuwa na sami kowannensu a gida, na sha ruwan gidansa, na saurari duk abin da zai faɗa a kan ɗan'uwansa ban tsinka masa ba. Maganar ba ta wuce hawa na biyu ba. Abin da ya kai gaban taro shi ne ƙusa: aka ɗaga hannu aka yarda a kafa ƙusa a bakin ƙofa, duk mai hular jam'iyya ya rataye ta nan kafin ya shiga. Ƙusa ɗaya na kafa da gangan, hulunan biyu suka riƙa kwana a kan juna har aka gama zaɓe.

Irin wannan nasara ce ta sa kaina ya fara girma, kuma a nan Inna Tani ta shigo.

Inna Tani mahaifiyar Markus ce, wani ɗan ikilisiyarmu da ke aikin masinja a ofis. Daga ƙauyensu can bayan Zuru ya ɗauko ta bayan mijinta ya rasu. Tsohuwa ce siririya, gwiwarta ta hagu ba ta miƙewa, ba ta san ko harafi ɗaya ba. Da ta fara bin ɗanta sujada sai ta kama tsintsiya, ba wanda ya sa ta. Kowace Asabar ita ke share ɗakin, ta goge benci, ta cika randa. Mace in ta haihu, Inna ce a can. Ta nemi baftisma, aka sa ta a aji, ni ne kuma mai gwada 'yan aji kafin a kai su gaban taro. Akwai wani ɗan littafin tambaya da amsa da Dikin ya gada, da shi muke gwaji, sai mutum ya kawo amsa kalma da kalma.

Sau uku na kayar da ita. Karo na ƙarshe na tambaye ta, "Inna, mece ce ikilisiya?" Ta dubi ƙasa, ta ce, "Wurin da nika shara." 'Yan aji suka tuntsire da dariya, ni ma na murmusa, na ce ta ƙara ƙoƙari sai baɗi. Ta ce, "To, ɗana," ta ɗauki tsintsiyarta. Shekara shida ke nan ana haka. Duk ranar jibi tana zaune a bencin baya, faranti ya zo ya wuce ta, kofi ya zo ya wuce ta, in an tashi ita ce mai wanke su. A duk shekarun nan gulbin Shagari cike yake, sai mun nemi wuri marar zurfi ma kafin fasto ya tsaya.

Sai muguwar shekara ta zo. Soja suka karɓi mulki, kaya suka yi wuya, sabulu ma sai an bi layi. Damina ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye. A rumfata ɗinkin sabo ya ɗauke, sai faci, mutum ya kawo rigar da facinta ya fi yadinta yawa. Aka shiga rage ma'aikata, ikilisiya ta fara zubewa, kowane wata ina rubuta takardar sallama. Wata ranar Talata da hantsi Markus ya shigo rumfata da takarda a hannu, shi ma an sallame shi. Ya ce mako biyar ya rage musu a gidan gwamnati, daga nan sai ƙauye, inda ba majami'a sai an yi tafiyar yini. Ga tsohuwa ta kama tari.

"Malam Dauda," ya ce, "in ta tafi haka, ta tafi ke nan. Shekara shida faranti na wuce ta. Wace doka ce ta ce sai ta haddace littafin nan?"

Na ce masa doka na nan, bari in nuna masa. Na jawo akwatin daga ƙarƙashin teburin yanka, na buɗe kundin da ƙarfin gwiwa. Na karanta sashen shiga ikilisiya daga sama har ƙasa, na koma na sake. Abin da ke ciki shi ne mai neman baftisma ya shaida bangaskiyarsa da bakinsa a gaban taro, a kuma ga halinsa, sannan a nutsar da shi cikin ruwa. Ba maganar hadda, ba maganar ɗan littafin nan ko sau ɗaya. Al'ada ce kawai Dikin ya tarar, ni ma na tarar, muka ɗora ta a kan doka har muka manta wanne ne wanne. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ga Markus tsaye yana jira in nuna masa layi, ni kuwa ba layin da zan nuna.

Wannan shi ne darasi mafi girma a aikin nan, ku riƙe shi. Magatakarda ba ya cewa "doka ta ce" sai yatsansa na kan layin.

Na je na sami Dikin a shagonsa da kundin a hannu. Ya sa tabarau ya karanta, ya daɗe, ya cire tabarau ya ce, "Mun zalunci tsohuwar ga." Ran Lahadi aka kira taro, na tashi na faɗi laifina a gaban kowa, aka kira Inna gaba. Ban tambaye ta kome daga littafi ba, na ce ta faɗi da bakinta wa take bi. Ta kama bakin benci ta tsaya.

"Ni ban iya karatu ba," in ji ta. "Da can ina tsoron komi, tsoron dutsi, tsoron itace, tsoron matattu. Da na ji labarin Yesu, wai ya mutu domina ya tashi, sai tsoron yat tafi. Shi nika bi. In na yi laihi shi nika gaya ma. Iyakar abin da nis sani ke nan."

Dikin ya ce masu yarda su ɗaga hannu. Aikina ne in ƙirga, amma ranar ba abin ƙirgawa, ba hannun da ya rage a ƙasa.

Saura ruwa. Fasto zai zo Lahadi ta uku, su Markus za su tashi kwana biyu bayan nan. Na hau keke na je na duba gulbi, na tarar da rairayi fari fat, awaki na yawo a inda muke tsayawa ruwa iya ƙirji. Muka aika Sakkwato ko za a yi mata a kwarmin siminti na babbar majami'a, fasto ya aiko cewa famfo ya yi makonni bai kawo ba, kwarmin a bushe yake. Wani ya ce ganga, amma gwiwar Inna a sandare take, ba za ta ƙara lanƙwashewa ta shiga ganga ba. A taro Malam Yusufu ya tashi ya ce a yayyafa mata a ka kamar yadda wasu ikilisiyoyi ke yi, Allah ya ga halin da ake ciki. Maganarsa ta shiga mutane, don tausayi ne ya sa shi. Dikin ya ce sam. Aka juyo ana kallona, ana tsammanin tunda ni ne mai laifi zan sassauta.

Ban sassauta ba, kuma har yau ina kan bakana. Na ce shekara shida na yi ina ƙari a kan doka, ba zan gyara ƙari da ragi ba. Hadda ba ta cikin kundi, nutsarwa kuwa tana ciki, ga layin. Abin da muka gaskata ke nan, mutum ya shiga ruwa dukansa ya fito sabo. In mun ga dama mu canja, sai mu canja wa kowa a rubuce, ba mu yi wa tsohuwa rabin abu don mu huce kunyarmu ba. Daga bencin baya sai ga muryar Inna: "Ni dai a nutsa ni awa kowa." Aka ɗaga hannu, nutsarwa ta tsaya. Aka kuma ɗora mini neman ruwan, tunda ni ne mai baki.

Kwale-kwalen na tuna. Ranar da na je duba gulbi na gan shi kwance a kan rairayi, na Malam Ummaru ne, wani masunci da ke noman albasa a fadama in ruwa ya ja baya. Mun saba, ni ke ɗinka wa iyalinsa kayan salla, kuma sau da yawa yana zaune a kwale-kwalensa yana kallonmu in muna baftisma, har yakan kore mana shanu. Na same shi a lambu na gaishe shi, na ce aron kwale-kwale nake so na kwana ɗaya.

"Kwale-kwale?" Ya ajiye guga ya dube ni. "Dauda, ina za ka tuƙa shi, bisa rairai?"

Na ce wani ɗan aikin coci ne. Ya ce in ɗauka, shi ma ran Asabar zai tafi suna Lambara. Da na buɗe baki na gaya masa abin da za mu yi da shi, da ya cece mu da kalma biyu. Amma nauyin baki ya hana ni, ina ganin abin namu ne, ba sai na yi wa Musulmi dogon bayani ba.

Ruwan kuwa namu muka tara. A lokacin mata tun asuba suke bin layin rijiya a Bodinga, su dawo da tulu biyu. Kowane gida ya ba da rabon kwana biyu, aka ƙi wanki, yara suka kwana ba wanka. Ganga biyu da jarkoki muka samu. Wani abokin Dikin ya ba mu a-kori-kura ran Asabar da rana, muka kai, muka share kwale-kwalen, muka tokare gefe ɗaya da duwatsu don ruwan ya taru waje ɗaya, muka juye duka. Har dabara muka yi, wai ya sha rana ya yi ɗumi saboda tarin tsohuwa. Muka rufe da zana muka koma gida, ni da Dikin muna yaba wa kanmu.

Lahadi da safe muka iso da fasto da dukan ikilisiya, mata na waƙa, Inna sanye da farin zanen da na ɗinke mata baki. Na ɗaga zana. Ba kome a ciki sai danshi da 'yan ƙwari. Rairayin da ke ƙarƙashi ya yi baƙi, ya shanye ruwan gida goma sha wani abu. Waƙa ta mutu. Teloli da malaman makaranta da masu atamfa, ba ɗayanmu da ya san kwale-kwalen da ya yi watanni a rana tsagewa yake yi. Matar Malam Yusufu ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, don ita ta san yadda ta samo nata tulun. Fasto ya dubi agogo ya ce motar Sakkwato da azahar take tashi. Markus ya juya mini baya, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muna tsaye sai ga Malam Ummaru ya gangaro daga lambu. Ya dubi kwale-kwale, ya dubi rairayi, ya dube mu da kayan Lahadi, ya kama ciki yana dariya har da hawaye.

"Ashe wanka za ku yi ma tsohuwa! Kai Dauda, mi ya hana ka hwaɗa min? Icce na, ƙishi shika ji. Sai ya sha ya ƙoshi kahin shi riƙe ma wani. Kun dai shayar min da shi, na gode."

Na ce masa ba wanka ba ne, na yi masa bayanin da ya kamata in yi tun farko, har da maganar shekara shida da tafiyar da za su yi ran Talata. Ya daina dariya. Ya dubi Inna ya gaishe ta, ya tsuguna yana shafa cikin kwale-kwalen da tafin hannu. Ya ce itacen ya kumbura, manyan tsagogi uku ne suka rage. Ya yage bakin tsohon rawaninsa, ya zaro wuƙa ya shiga cusa tsumma a tsagogin. Da ya gama ya ce zai riƙe kamar tsawon dahuwar tuwo, ba fiye ba. Sannan ya nuna rijiyar lambunsa, wadda ya haƙa a tsakiyar fadama, ruwanta na tsattsafowa kaɗan kaɗan.

"Abin da ta tara tun jiya, na albasata na yau na. In ba ta sha ba, da la'asar ta kwanta. Aro zan ba ku, ba kyauta ba. Kar ku sa sabulu, kar ku sa turare. In kun ƙare ku kwashe shi ku mayar min ga fangalin albasa, dut."

Maza suka tuɓe manyan riguna muka jera daga rijiya zuwa kwale-kwale, bokiti na bin hannu. Malam Yusufu da mai kayan keke, masu hulunan nan, kafaɗa da kafaɗa suke. Muka kwashe har guga ya fara kawo laka, Malam Ummaru ya ce ya isa. Ruwan bai kai wanda muka zubar ba, da ƙyar ya kai kamu ɗaya a wuri mai zurfi.

Aikin magatakarda a ranar baftisma shi ne shaida. Yana tsayawa kusa ya ga da idonsa ruwa ya rufe mutum duka, sannan ya rubuta. Na durƙusa a kan rairayi, fuskata daidai bakin kwale-kwale. Mata biyu suka ɗaga Inna suka zaunar da ita a ciki, ta ja numfashi don sanyi. Fasto ya durƙusa a gefe, ya tambaye ta, ta amsa, ya tallafi ƙeyarta zai kwantar da ita. Sai na ga abin da nake tsoro. Gwiwar nan da ba ta miƙewa ta tsaya a sama, kamar ƙoƙon da aka kifa a kan ruwa, da yatsa uku a waje. Na ce, "Fasto, dakata." Kowa ya ji ni, kowa kuma ya ga gwiwar. Ga ruwa na ɗiga ta ƙasa, ga rijiya ba kome. Wani a baya ya ce, "Haba Malam Dauda, gwiwa ce fa kawai." Na ce ba zan rubuta abin da ban gani ba.

Sai na ji motsi a bayana. Dikin Alabi ne, ya cire takalmi, ya miƙa wa matarsa hula. Da babbar rigarsa ta Lahadi, wadda ko yaro ba ya bari ya taɓa, ya ɗaga ƙafa ya shiga kwale-kwalen ta wajen ƙafafun Inna, ya zauna daram a cikin ruwan. Kwale-kwalen ya yi ƙara, ruwa ya taso. Ina kallo ya haye gwiwar ya rufe ta.

"Fasto, yi maza," in ji Dikin. "Dauda, buɗe idonka."

Fasto ya kira sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ya kwantar da ita. Na gani da idona, daga gashin kai har yatsan ƙafa, ba abin da ya rage a waje. Ya ɗago ta tana tari tana dariya. Mata suka ɗauki guɗa, waƙar da ta mutu ta tashi. Mun sha tsokanar Dikin daga baya cewa ranar ce ƙibarsa ta yi wa ikilisiya aiki, shi kuma ya ce ai ba layin da ya hana dikin zama a ruwa, ya duba.

Ba mu tsaya murna ba sai da muka biya aro. Muka sake jerawa, muka kwashe ruwan da bokiti da ƙwarya, Malam Ummaru na gaba yana nuna fangalin da za a zuba. Har rigar Dikin sai da ya sa aka matse a kan albasa. Daga nan muka koma inuwar wani gawo, fasto ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan akwatina. Dikin ne ke zagayawa da faranti, rigarsa na manne a jiki. Da ya iso gaban Inna sai ta kau da kai ta sunkuya, yadda ta saba yi shekara shida. Ya tsaya bai wuce ba. Ya ce, "Inna, naki na." Ta miƙa hannu ta ɗauka.

A nan gindin gawon na buɗe littafi a kan cinyata na rubuta sunanta da shuɗin biro. Da na zo gurbin wuri na yi niyyar sa "gulbin Shagari" kamar na kowa, sai na ga ƙarya ce, ba gulbi a ranar. Na rubuta abin da ya faru. Inna ta matso tana leƙe, ta ce in nuna mata. Na ɗora yatsanta a kan layin.

"Nan nike?" in ji ta.

Na ce, "Nan kike, Inna."

Ta daɗe tana kallon rubutun da ba ta iya karantawa, sannan ta ce, "To rufe shi da kyau, ɗana, kar in hita."

Ran Talata suka hau mota da takardar sallamarta a ƙulle a bakin zane. Kafin damina ta faɗi Markus ya aiko cewa ta rasu. Jibin nan na gindin gawo shi ne na farko, shi ne na ƙarshe. Layin da ya kamata in ja mata tun ran da ta tashi na yi ta jinkirta shi har labarin ya zo. Da na ɗauki jan biro zan ja mata layi, sai da na ajiye shi sau biyu. Sau ashirin da wani abu ya kamata a ce ta ci jibi tare da mu, ni na hana ta da dokar da ba ta wanzu ba. Ɗan littafin tambayoyin nan ban ƙara kayar da kowa da shi ba, koyarwa kawai nake yi da shi.

Saboda haka ku kwafe sunayen, na yarda kwamfuta ta fi ni saurin hannu. Amma kafin ku ce wa mutum doka ta hana shi, ku buɗe kundin ku ɗora yatsa a kan layi, in kuma doka ta ce a yi abu, ku nemi hanyar yinsa ko da aron ruwa ne. Gurbin Inna Tani kuwa ku rubuta shi yadda kuka gan shi, da kwale-kwalen da sunan mai shi. Ta ce kar a bar ta ta fita, ni kuma na amsa mata.